Techno ba kiɗan Jamusawa ba ne, a gyara wannan magana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Asabar, wanda mai gabatarwa ya buɗe da cewa techno, wato wani kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, kiɗan Jamusawa ne da aka haifa a Berlin, kuma ya yi ta nanata maganar har ƙarshe ba tare da wani ya taka masa birki ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin haɗa sauti a situdiyo ita ce sana'ata, kuma yaran da ke koyon aiki a wajena yanzu da shirin naku suke kafa mini hujja.

A Detroit ta Amurka techno ya tashi, a hannun matasa baƙaƙen fata, wato Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka yi makaranta tare a garin Belleville da ke kusa da Detroit. A shekarun 1980 ne, lokacin da masana'antun motoci ke sallamar ma'aikata birnin yana ta tsiyacewa, suka ɗauki injinan ganga na kamfanin Roland suka ƙera wannan sauti. Faifan da ya yayata sunan ya fito a Ingila a 1988, kuma ga Detroit nan rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa. Katangar Berlin kuwa sai a 1989 ta faɗi, gidan rawar Tresor da mai gabatarwa ya yi ta kurantawa sai a 1991 aka buɗe shi, kuma makaɗan Detroit irin su Jeff Mills aka riƙa gayyatowa suna kiɗa a ciki. Ina jin mai gabatarwan ya samo maganarsa ne daga labarin 2024, sa'ad da Jamus ta saka al'adar techno ta Berlin cikin jerin kayan gadonta. Sun cancanci hakan, tun da sun ba kiɗan masauki sun raine shi, amma mai riƙon ɗa ba ya zama mahaifinsa.

Da mai gabatarwan ya juyo kan Afirka sai abin ya ƙara lalacewa, domin ya tattara gqom da amapiano da singeli ya kira su duka Afro house, wanda shi ma wani salon kiɗan rawa na na'ura ne daban, alhali ko kurma ya ga yadda ake taka rawarsu ya san ba ɗaya ba ne. Gqom na unguwannin Durban ne a Afirka ta Kudu, bugunsa a karye yake, kuma motocin haya ne suka fara yaɗa shi. Amapiano daga unguwannin Pretoria da Johannesburg na ƙasar ya fito, yana tafiya a hankali. Singeli na matasan Dar es Salaam ne a Tanzaniya, kuma yakan haura bugu 200 a minti guda.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan suna, to ni na ɗanɗana. Na taɓa aika wa wani ƙaramin kamfanin faifai na Turai kiɗan da na gina a kan bugun kalangu, na ɗora masa fiyano kamar yadda muke yi a nan. Suka amsa cewa sun so shi, amma in cire fiyanon saboda wai ba ya kama da kiɗan Afirka na asali, in ƙara ganguna da guɗa, sannan su saka shi a rukunin Afro house domin nan ne masu saye suke dubawa. Wato mutumin da bai taɓa halartar bikin Bahaushe ba shi zai koya mini abin da yake namu na asali! Na ƙi, kuma da ƙin nan cinikin ya watse. Shagunan intanet da masu shirya bukukuwa duk da sunan da aka ba kiɗa suke aiki, saboda haka duk wanda aka raɗa wa kiɗansa sunan wani, can kuɗin da yabon suke tafiya.

Maganar cewa na'ura baƙuwa ce a kiɗanmu ma ba ta da tushe. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai da ogan na lantarki, wato abin kiɗa mai kama da fiyano, mutanen Nijar suka shekara da shekaru suna jin sautinsa a rediyo da talabijin, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Shirin da ya ɗauki sa'a guda a kan kiɗan na'ura bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.

Ina roƙon a gyara maganar Detroit a farkon shiri mai zuwa, da bakin wanda ya yi ta. Sannan don Allah a duba layin wayar da kuke bayarwa, domin duk lokacin da mutum ya kira sai a ɗaga a bar shi yana jin talla har katinsa ya ƙare.

Naku mai sauraro,
Wani mai haɗa sauti daga Maraɗi