Samowa: kun kawo labarin rumfa, kun bar zaɓen cike gurbi

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku kan matan da suka jagoranci ƙasashensu kun taɓo Fiame Naomi Mata'afa, mace ta farko da ta zama firaministar Samowa. Kun faɗi yadda aka garƙame mata ƙofar majalisa a Afiya, babban birnin ƙasar, ranar 24 ga Mayu 2021, har sai a cikin rumfar tanti ta sha rantsuwa, da yadda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da rantsuwar ranar 23 ga Yuli. Duk haka ne. Amma nan kuka tsaya, alhali a ganina abin da ya zaunar da gwamnatin da gindinta shi ne zaɓen cike gurbi na watan Nuwamba.

Samowa tsibirai ne a tekun Fasifik, mutanenta ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, kujerun mazaɓunta kuma 51. A zaɓen 9 ga Afrilu jam'iyyar FAST ta Fiame ta samu 25, HRPP ta Tuilaepa Sailele Malielegaoi, wanda a lokacin yake kan kujerar firaminista tun 1998, ita ma 25. Ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya ya karkata ga FAST, shi ne aka samu 26 da 25. To, gwamnatin da ratarta kujera ɗaya ce tal, ai ko mura ce ta kwantar da ɗan majalisa guda sai hankalin shugaba ya tashi.

Daga nan ƙorafe-ƙorafen zaɓe suka cika kotu, kowane ɓangare na zargin ɗaya da sayen ƙuri'a. HRPP ce ta fi jin jiki: kujeru bakwai suka suɓuce mata, ta dawo 18. Wasu kotu ce ta soke zaɓensu saboda cin hanci da ciyar da masu jefa ƙuri'a, wasu kuwa murabus suka yi bayan sulhu da waɗanda suka kai su ƙara.

Shari'ar ba ƙaramin wuya gare ta ba. A Samowa sai mai sarautar gargajiya, wato matai, ke iya tsayawa takarar majalisa, kuma matai ba ya shiga taron ƙauye hannu rabbana. Kyautar abinci da kuɗi wajen biki ko zaman makoki al'ada ce da ta girmi jam'iyyu. Aikin alƙali shi ne ya rarrabe kyautar mutunci da kuɗin ƙuri'a, alhali hannu ɗaya ne ya miƙa su, ga mutanen da a ƙaramar mazaɓa yawancinsu dangi ne ko surukai. Alƙalan ba su fake da al'ada sun kawar da kai ba, kuma sun yanke hukunci cikin 'yan watanni, tun majalisar na sabuwa. Mu da muka san gishiri da atamfar jajibirin zaɓe ba sai an yi mana fashin baƙi ba.

Sulhun nan kuwa bai kwanta mini ba. Idan mutum biyu suna zargin juna da raba kuɗi, sannan suka shirya, ɗaya ya sauka, aka janye ƙara, jama'a ba za su taɓa jin abin da shaidu za su faɗa ba. Kujera ta zama fanko, amma ba a ce kowa ya yi laifi ba.

Ranar 26 ga Nuwamba 2021 aka kaɗa ƙuri'a a mazaɓu shida. FAST ta lashe huɗu, HRPP ta riƙe biyu. Ta bakwai, Falealupo, ta faɗa hannun FAST ba hamayya. Ratar kujera ɗaya ta koma babban rinjaye, kujerun FAST suka kai 31. A lura, mazaɓun nan duk HRPP suka zaɓa wata bakwai kafin nan. Za a iya cewa mutane sun bi inda mulki ya koma ne, kuma ban ƙi ba, domin ƙauye na son hanya da ruwan famfo daga mai riƙe da baitulmali. Sai dai ko da hakan ne, jam'iyyar da ta yi kusan shekara arba'in tana mulki ta ga da idonta cewa wuraren da take ɗauka gidanta ne na iya juya mata baya.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shiri guda kan wannan. Ku gayyato masanin dokar zaɓe ya yi mana bayanin yadda dokar Samowa ta hukunta ciyar da masu zaɓe, da kuma ko ya dace a bari a janye ƙarar cin hanci ta hanyar sulhu.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya