Wasiƙa daga Kentaki: Wace ce mahaifiyar Lincoln?

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ina gajiya, yaya sanyin bana? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewar gida. Ka yafe mini jinkirin amsa, ba mantuwa na yi ba, so nake in je in gano wani abu da idona kafin in ɗauki alƙalami.

A wasiƙarka ka ce ka gaji da neman asalin kakarka ta wajen uwa: wannan tsoho ya ce daga gabas aka zo da ita, wancan ya ce ƙarya ne, a gidan aka haife ta. Har ka rufe da cewa da a ƙasar Turawa ne da tuni an gama, tunda su komai a rubuce yake. To malam, zauna ka sha labari. Mutumin da hotonsa ke jikin takardar dala biyar, Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, an shafe fiye da shekara ɗari malaman tarihi na cacar baki a kan ko 'yar wace ce mahaifiyarsa, kuma har gobe babu wanda ya san sunan ubanta.

Sunanta Nancy Hanks. An haife ta a 1784 a yankin Bajiniya, tana jaririya danginta suka bi ayarin masu ƙaura zuwa yamma, suka tsallake duwatsu suka shiga Kentaki. Lokacin Kentaki ba ta zama jiha ba, sai a 1792. Daji ne da Turawa ke sara suna kafa bukkokin gungume, a ƙasar da 'yan asalin wurin ke farauta tun kaka da kakanni, shi ya sa jini bai daina zuba ba. Kakan Lincoln na wajen uba ma a gonarsa aka harbe shi a 1786, a gaban 'ya'yansa. Mutanen da ke irin wannan rayuwa ba ta rubuta ranar haihuwa suke yi ba. Ita Nancy ko sunanta ba ta iya rubutawa, alama take yi a takarda. Ta rasu a watan Oktoba na 1818 a Indiyana, ɗanta yana da shekara 9. Abin da ya kashe ta madara ce: akwai wata ciyawa mai farin fure da ke fitowa a inuwar daji, in saniya ta ci, dafin sai ya bi ta nono. Na je kabarin nata makonni biyu da suka wuce. Dutsen da ke kai sai a 1879 aka kafa shi, an rubuta ta rasu tana da shekara 35, alhali in ka yi lissafi daga 1784, 34 za ka samu. Ka ga tun daga kan dutsen kabari an fara saɓani.

Shi Lincoln ba mai son zancen dangin uwarsa ba ne. Da aka matsa masa ya rubuta tarihinsa a 1859, cewa kawai ya yi iyayensa 'yan Bajiniya ne, daga gidajen da ba su yi suna ba. Amma abokin aikinsa na lauya, William Herndon, ya ce wata rana wajajen 1850 suna cikin keken doki za su kotu, Lincoln ya buɗe masa cikinsa: mahaifiyarsa 'yar Lucy Hanks ce, ba ta hanyar aure aka same ta ba, ubanta wani mai gona ne ɗan babban gida a Bajiniya. Ya kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa muddin yana raye. Herndon ya riƙe amana har bayan an kashe Lincoln a 1865, daga baya maganar ta fito a littafinsa na 1889. Sai ƙasa ta ɗauka. Yaya za a ce gwarzon da ya riƙe ƙasa lokacin yaƙin basasa, uwarsa 'yar gaba da Fatiha ce? Aka ce Herndon mashayi ne, aka ce hassada ce. Daga nan masu bincike suka bazama kotunan ƙauye, kuma a ganina da yawansu sabulun wanke gida suka fita nema, gaskiya ta biyo baya in ta ga dama.

Ta farko da ta yi fice wata mata ce daga zuri'ar Hanks, Caroline Hitchcock. A 1899 ta fito da wasiyyar wani Joseph Hanks da ya rasu a gundumar Nelson ta Kentaki a 1793. Wasiyyar kanta abin karantawa ce, don tana nuna maka iyakar dukiyar mutanen: 'ya'ya maza biyar kowa doki guda, mata uku kowace karsana guda. Cikin matan akwai Nancy. Shi ke nan, in ji ta, ga Nancy 'yar halal, 'yar Joseph da matarsa. Mutane suka yi ajiyar zuciya. Ashe takwara ce. Wannan Nancy ta cikin wasiyya innar mahaifiyar Lincoln ce, ita ce ta haifi wani Dennis Hanks a 1799, shi ma ba da aure ba. Ka san yadda gida ɗaya a wurinmu za ka iske Hauwa uku, sai da laƙabi ake rabe su. Haka Nancy take a dangin nan. Wannan maimaita suna shi ya haifar da tatsuniyoyi birjik, har aka samo wata Nancy Hanks a Karolina aka ce ita ce, aka kuma laƙaba wa Lincoln ubanni iri-iri, har da fitaccen ɗan siyasa John Calhoun. Abin da ya kashe bakin masu cewa iyayen Lincoln ba su yi aure ba shi ne takardar auren da aka gano a 1878 a gundumar Washinton ta Kentaki: an ɗaura shi ranar 12 ga Yuni 1806, kusan shekara uku kafin haihuwarsa. Da can a wata gunduma dabam ake ta nema.

Inda abin ya fi armashi shi ne rigimar wasu limaman coci biyu, William Barton da Louis Warren, a shekarun 1920. Dukansu sun yarda Lucy ce ta haifi Nancy. Saɓaninsu a kan wace ce Lucy. Barton ya ce 'yar Joseph Hanks ce ta cikinsa. Hujjarsa lissafi ne mai sauƙi: ƙidayar 1782 ta gundumar Hampshire a Bajiniya ta nuna mutum 11 a gidan Joseph. Cire shi da matarsa, saura tara. Wasiyya ta ambaci 'ya'ya takwas. Ina ta tara? Ita ce Lucy, in ji shi, uban ya share sunanta don fushi. Kuma akwai dalilin fushin, domin kundin kotun gundumar Mercer ya nuna an shigar da ƙarar Lucy Hanks a watan Nuwamba 1789 bisa zargin lalata. An janye ƙarar a 1790 bayan da Henry Sparrow ya fito neman aurenta. Ta haifa masa 'ya'ya takwas, ta ƙare rayuwarta cikin mutunci.

Warren ya ce sam. A wurinsa Lucy suruka ce a gidan, 'yar gidan Shipley, ta auri wani ɗan Joseph mai suna James, ya rasu ya bar ta da goyon Nancy. Shi ma yana da abin riƙewa, don wanda ya sa hannu a matsayin waliyyin Nancy ranar aurenta Richard Berry ne, kuma gidan Berry suna da alaƙar aure da gidan Shipley. Matsala ɗaya ce: James ɗin nan babu shi a wasiyya, babu shi a takardar aure, babu shi a ko'ina. An yi masa ɗinki ne daidai da ramin da ake son toshewa. Duk da haka shekaru da dama littattafai na kwafar wannan magana, tunda ita ce mai daɗin ji.

Su ma dangin ba su taimaka ba. Dennis, wanda ya tashi a hannun mutanen da suka riƙi Nancy, ya nace wa Herndon cewa sunanta Nancy Sparrow. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don ta yi zaman riƙo wurin innarta Elizabeth, wadda ta auri Thomas Sparrow, ɗan'uwan mijin Lucy. Amma Dennis ya san abin da yake yi, rufin asirin gida yake. Ni dai ban ga laifinsa ba, ko a wurinmu wa zai zaunar da baƙo mai alƙalami ya zayyana masa abin kunyar innarsa?

Kada kuma ka ɗauka takardun nan zube suke. Ƙidayar Amurka ba ta fara rubuta sunan kowa a gida ba sai a 1850, kuma ko a lokacin ban da bayi. Kafin nan sunan maigida kawai ake rubutawa, sauran adadi ne. Ta Bajiniya ta 1790 ta ɓace. Gobarar birnin Richmond a 1865 ta cinye kundayen gundumomi da dama da aka kai can don a adana su. Mace talaka ba ta shiga takarda sai ranar aure, ko rabon gado, ko in an kai ta ƙara. Dubi ɓangaren uban Lincoln ka ga bambanci: an bi salsalar maza tiryan-tiryan har zuwa Samuel Lincoln, wanda ya baro Hingham ta Ingila a 1637, saboda su suna sayen fili suna biyan haraji. Shi kansa shugaban ya rasu bai tabbatar da wannan ba.

Sai a 2015 aka raba gardamar limaman nan, su kuwa sun daɗe a ƙasa. An yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta, irin wanda ke bin tsatson uwa zalla: uwa tana ba 'ya'yanta duka, amma 'ya mace ce kaɗai ke miƙa shi gaba. Ta kan Nancy hanyar ta yanke, don 'yarta tilo, Sarah, ta rasu wurin haihuwa a 1828 tare da jaririn. Sai aka nemo jikokin 'ya'yan Lucy mata, da jikokin sauran 'ya'yan Joseph mata, da na matan gidan Shipley, aka gwada. Na Lucy ya dace da na 'ya'yan matar Joseph, Ann Lee, bai dace da na Shipley ba. Nau'in ma ba kasafai ake samunsa ba, ana kiransa X1c, don haka da wuya a ce dace ne kawai. Lucy 'yar gidan Hanks ce. Barton ya ci, Herndon da aka yi shekaru ana zagi shi ma ya fita. Maganar baka da aka yi a keken doki ta fi littattafan malamai kusa da gaskiya.

Uban Nancy kuwa, wannan gwaji ba ya iya cewa komai a kansa. Lucy ta san shi, kuma ta iya rubutu, don akwai takardar da ta rubuta da hannunta tana ba da yardarta ga auren Sparrow. Amma sunan mutumin ba ta bar shi a ko'ina ba.

Don haka ina roƙonka ka koma wurin Gwaggo tun tana da ƙarfin magana. Kada ka tafi da tambayar daga ina aka zo da kakar, za ta ba ka amsar da ake ba baƙi. Tambaye ta wa ya riƙe ta, wa ya yi mata waliyyi, mata nawa ne masu sunanta a gidan, kuma wa ba a ba gado ba. Ka tafi kai kaɗai, bayan la'asar, da goronka. Abin da ka ji ka rubuta yadda ta faɗa, kada ka gyara.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso, har na fara rowarsa. Ina sa ran zuwa bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu, zan taho maka da hoton wasiyyar nan ta dawakai da karsana.

Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka na ƙuruciya