Ko Star Wars ma ba a tsara shi tun farko ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sha'awar fim a nan Damagaram, musamman tun da fina-finai masu dogon zango suka mamaye wayoyin hannu da fadodin matasa. Duk lokacin da labarin ɗaya daga cikinsu ya karkace, ko aka nemi wani jarumi aka rasa ba tare da bayani ba, sai ka ji ana cewa mu ne ba mu iya tsari ba, wai Turawa kan gama rubuta labari kaf kafin su ɗauki kyamara. Hujjar da aka fi kawowa ita ce Star Wars, jerin fina-finan ƙagaggen labarin kimiyya da Ba'amurke George Lucas ya fara fitarwa a 1977, ana cewa kashi taran nan duka suna cikin kansa tun ranar farko. Takardun aikin da aka buga daga baya ba su goyi bayan wannan magana ba, kuma ina ganin abin da ya faru a zahiri ya fi ta amfani ga masu rubuta labari.

Lucas bai ma tashi da niyyar ƙirƙirar sabon labari ba. Tsohon labarin Flash Gordon ya so ya mayar fim, da bai samu izinin masu shi ba sai ya koma rubuta nasa. Taƙaitaccen tsarin da ya rubuta a 1973 ya jingina sosai da The Hidden Fortress, fim ɗin 1958 na Akira Kurosawa, mutumin Japan, inda wani janar yake ratsa ƙasar abokan gaba da gimbiya. A daftarin 1974 Luke Skywalker, wanda daga baya ya zama matashin jarumin fim ɗin, dattijon janar ne, matashin labarin kuwa sunansa Annikin Starkiller, Han Solo, abokin tafiyar Luke a fim ɗin, wata koriyar halitta ce da ba ɗan Adam ba, Darth Vader kuma, wanda ya zama babban mugun jerin, hafsa ne kawai cikin hafsoshi. Har lokacin da aka fara ɗaukar fim ɗin a hamadar Tunisiya, can tsallaken Sahararmu, a watan Maris na 1976, jarumin yana amsa sunan Luke Starkiller, kuma a daidai wannan lokaci ne aka yanke shawarar cewa dattijo Obi-Wan Kenobi, malamin Luke, zai mutu. Da fim ɗin ya fito ranar 25 ga Mayu 1977 babu lamba a kansa. A 1981 aka ƙara masa rubutun da ya mayar da shi kashi na huɗu.

Saboda Lucas ba shi da tabbacin fim ɗin zai karɓu, ya sa marubuci Alan Dean Foster ya tanadi ci gaban da za a iya ɗauka da kuɗi kaɗan, wanda ya fito a matsayin littafi a 1978. A cikinsa babu Han Solo, kuma Luke yana kallon gimbiya Leia da idon so. Wanda ya riga ya san cewa waɗannan biyu ciki ɗaya suka fito ba zai amince da irin wannan rubutu ba.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne batun mahaifin Luke, wanda shi ne ginshiƙin jerin gaba ɗaya. Marubuciya Leigh Brackett ce ta yi daftarin farko na fim na biyu, ta miƙa shi a watan Fabrairu na 1978, ta rasu a watan Maris. A rubutunta mahaifin Luke mutum ne dabam da Vader, ya riga ya mutu, ruhinsa ma yana bayyana ya yi wa ɗansa nasiha. Da Lucas ya zauna ya sake rubutun da kansa a wannan shekara, sai ya haɗe mutanen biyu suka zama ɗaya, kuma daga nan ne buƙatar komawa baya ta yi ƙarfi, domin a nuna yadda mutumin kirki ya lalace. Wannan canji ne na tsakiyar tafiya, amma ya zauna daram, saboda ya dace da abubuwan da mai kallo ya riga ya gani a 1977: tsoron da mariƙin Luke yake yi kada yaron ya gaji halin ubansa, da ɗan jinkirin da Obi-Wan ya yi kafin ya amsa tambaya a kan mahaifin. Ba don wannan manufa aka rubuta waɗannan wurare ba, sabuwar shawarar ce ta koma ta ba su nauyin da ba su da shi da farko. Haka magina suke ƙara ɗaki a tsofaffin gidajen ƙasa na unguwar Birni: wanda ya iya aikinsa yakan duba inda azara ta kwanta da inda indararo yake zuba kafin ya huda bango, sai sabon ya zama kamar tare aka gina su. Duk da haka canjin ya bar bashi, domin Obi-Wan ya riga ya ce Vader ne ya kashe mahaifin Luke, sai da aka dawo da ruhinsa a fim ɗin 1983 yana kare kansa da cewa ta wata fuska gaskiya ya faɗa, uzurin da a ganina bai gamsar ba.

Yawan fina-finan ma bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A 1978 mujallar Time ta ruwaito cewa goma sha biyu ake shirin yi, zuwa 1980 Lucas yana maganar tara, uku-uku sau uku. A daftarin Brackett Luke yana da ƴar'uwa mai suna Nellith da aka ɓoye a wani wuri mai nisa, kuma Gary Kurtz, furodusan fina-finai biyu na farko, ya sha faɗa daga baya cewa an so a ajiye labarin ƴar'uwar da karon ƙarshe da Sarkin daular, ubangidan Vader, sai a kashi na gaba can. Amma da Lucas ya ƙudura rufe labarin a 1983, sai aka tattara komai cikin fim ɗaya: Sarkin ya mutu, ƴar'uwar kuma aka ce ai Leia ce, alhali a fim ɗin 1980 an nuna ta tana sumbatar Luke. Wannan faci ne na gaggawa, kuma har yau ɗinkinsa a bayyane yake. Bayan ya fitar da fina-finan da suka koma baya a 1999 da 2002 da 2005, Lucas ya riƙa cewa labarin na tashin Vader da faɗuwarsa ne, kuma a shida ya ƙare. Ko a nan ma an yi tuntuɓe, domin Leia ta ce a 1983 tana tuna mahaifiyarta, sai ga mahaifiyar ta rasu wajen haihuwarta a 2005.

A watan Oktoba na 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin fim na Lucas, a kan sama da dalar Amurka miliyan dubu 4. Lucas ya miƙa musu tsarinsa na kashi uku na gaba, suka ajiye shi gefe, kuma shugaban Disney na wancan lokaci, Bob Iger, ya amsa a littafinsa na 2019 cewa Lucas ya ji kamar an ci amanarsa. Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata masu sukar namu su duba da kyau. Fim ɗin 2015 na J. J. Abrams ya tayar da tambaya a kan iyayen jarumar, Rey. Na 2017 na Rian Johnson ya ce iyayenta ba kowa ba ne. Na 2019, da Abrams ya dawo bayan an rabu da Colin Trevorrow, daraktan da aka fara ba aikin, ya ce jikar Sarkin nan ce da ya mutu tun 1983, aka kuma dawo da shi da rai ba tare da an share fage a fina-finai biyun da suka gabata ba. Rasuwar Carrie Fisher, wadda take fitowa a Leia, a watan Disamba na 2016 ƙaddara ce da ba wanda za a zarga da ita, amma sauran ruɗanin ya samo asali ne daga miƙa labari hannu zuwa hannu, kowa yana warware abin da na gabansa ya ƙulla. Kuɗi da kayan aiki ba su yi musu ƙaranci ba.

Saboda haka ba na ganin adalci ne a nemi marubutanmu su gama rubuta zango goma kafin su fara, alhali suna aiki da kuɗin da ke shigowa mako-mako, jaruma na iya yin aure ta bar harkar, jarumi na iya saɓawa da furodusa. Irin wannan ya samu Lucas ma, domin rashin tabbacin dawowar Harrison Ford, wanda yake fitowa a Han Solo, yana cikin dalilan da aka bayar na daskarar da Han Solo a ƙarshen fim ɗin 1980, matsalar kwantiragi ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi tunawa a jerin. Abin da ya dace a nema daga gare su shi ne a samu mutum ɗaya da ke riƙe da kundin duk abin da aka riga aka faɗa wa mai kallo, wane ne ɗan wane, wa ya san wane sirri, wa aka ce ya mutu, kuma kada a shigo da sabuwar shawara sai an koma an kalli tsofaffin kashi an tabbatar za ta zauna a kansu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku za su yi hira da marubutan waɗannan fina-finai, na Kano ko na nan gida Nijar, su tambaye su abin da suka tsara da farko, abin da suka canza, da dalilin canzawar, ku kuma ƙarfafa musu gwiwar adana daftarinsu na farko, domin da an zubar da na Brackett da ba mu da hujjar yin wannan magana a yau.

Na gode da fili. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Zinder, Jamhuriyar Nijar