Kafin a tura ɗan sa kai, a zaunar da shi a tsakar gida

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da abokan aiki.

Na saurari rahoton da kuka kawo kan matasa 'yan sa kai da ake tarawa a wata ƙasa a ba su horon share fage kafin a rarraba su wuraren aiki. Na kuma ji masu bugo waya da suka ce ai duk wannan yawon buɗe ido ne da kuɗin wasu. Ban goyi bayansu ba, sai dai ba zan ce ba su hango komai ba. Horon yana da amfani. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne a ina ake zaunar da yaran nan, kuma wa ke koya musu.

Tun ran farko wannan harka ta nuna halinta. Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, shirin tura Amurkawa 'yan sa kai aiki a ƙasashen waje, a 1961, kuma rukunin farko da ya sauka Accra a watan Agustan shekarar, suna fitowa daga jirgi sai suka rera wata waƙar kishin ƙasa da harshen Twi. Bakinsu bai faɗa ba, amma mutanen Ghana sun ji daɗi. A watan Oktoba kuwa, a Jami'ar Ibadan, wata budurwa daga cikin masu karɓar horo ta rubuta wa abokinta na gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗi, aka tsinta, aka kwafe aka raba wa ɗalibai, sai zanga-zanga ta ɓarke ana cewa a kori baƙin. Dole ta bar ƙasar. Kuma fa ta sha lacca a Jami'ar Harvard ta Amurka kafin ta zo!

Mu a Nijar mun ga irin horon da ke kama jiki. Daga 1962 'yan Peace Corps ke zuwa nan, har watan Janairun 2011 da aka kwashe su bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. A shekarun ƙarshe na shirin, ba otal ake sauke sababbin zuwa ba. Hamdallaye ake kai su, wani gari kusa da Yamai, su yi wajen wata biyu zuwa uku, kowa a gidan da aka damƙa shi. Masu zuwa ƙasar Zabarmawa su koyi Zabarmanci, masu zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa su koyi Hausa. Masu gidan su raɗa masa suna, ka ji Baturiya ana kiranta Hadiza ko Balki tana amsawa. Za ta kwana a kan tabarma cikin gidan sauro, ta shiga makewayi da buta, ta ɗaura zani ya kwance ta sake ɗaurawa, yara na dariya. A can ne za ta gane ba a miƙa abu da hagu, ba a wuce dattawa a gindin bishiya ba sallama, kuma "ina kwana" kaɗai ba ta isa gaisuwa ba, sai an tambayi gajiya, an tambayi gida da yara da sanyi.

Na zauna gari ɗaya da wata daga cikinsu lokacin ina koyarwa a ƙauye. Aikinta auna nauyin jarirai da koya wa uwaye dama kunu mai gina jiki. Abin da ya sa mata suka saki jiki da ita ba takardunta ba ne. In an yi haihuwa tana wurin barka, in an yi rasuwa za ta zauna a ɗakin mata ta yi shiru kamar kowa, kuma in ta je kasuwa tana ciniki har mai tumatir ya ce "albarka" sau biyu kafin ta biya. Duk wannan a Hamdallaye ta fara koyonsa. Ba dukkansu ne suka yi abin kirki ba, wasu ko shekara ba su cika ba suka koma, amma wanda ya zauna to da harshe ya zauna.

Yanzu ga shi mu ma muna tura namu. Najeriya na da shirin Technical Aid Corps tun 1987, tana aika malamai da ma'aikatan lafiya wasu ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin matasa 'yan sa kai a Abuja a watan Disamban 2010. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauka tunda baƙar fata ne zai je wurin baƙar fata, ba ya bukatar a koya masa zama da mutane. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yaron Katsina da aka kai Mozambik zai tarar da Fotugisanci a ofis, a kasuwa kuma wani harshen dabam. Wanda aka kai Habasha zai tarar agogonsu ma ba irin namu ba ne, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, kalandarsu kuma wata goma sha uku ce. In duk horonsa a zauren taro mai sanyi ya ƙare, tare da 'yan uwansa baƙi, ana haska musu rubutu a bango ana ɗaukar hoto da riguna iri ɗaya, to masu cewa yawon buɗe ido ne sun sami abin faɗa.

Roƙona, Malam Edita, ku nemo matasanmu da suka je suka dawo ku yi hira da su. Ku tambaye su kwana nawa suka yi a gidan ɗan ƙasa kafin su kama aiki, da wane harshe suke sayen abinci, kuma me suka so a ce an gaya musu tun a wurin horo. Ku kuma kai wa masu shirya horon amsar da suka ba ku, mu ji ta bakinsu.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
wani tsohon malamin makaranta, daga Maraɗi