Zuwa ga maniyyatanmu da kuɗinsu ke hannunmu tun 2020

Assalamu alaikum iyayenmu, alhazai da hajiyoyi. Da fatan ana shan ruwa lafiya.

Yawancinku kun riga kun ji a rediyo: Saudiyya ta amince mutum miliyan ɗaya su sauke farali a bana, 2022, har da na ƙasashen waje. Alhamdu lillahi. Tun ranar wayarmu ba ta huta ba, kuma tambayar ɗaya ce: ina maganar kuɗinmu? Gara mu amsa a rubuce, kowa ya ji abu guda.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka dakatar da bizar Umara saboda korona. A lokacin durowarmu cike take da fasfo na masu Umarar azumi, wadda ita ce kakarmu ta shekara, mun kuma riga mun ba da kafin alƙalami na masauki a Makka, mun yanki tikiti. A watan Maris aka rufe filin jirgin Malam Aminu Kano ga jiragen waje, bai sake buɗewa ba sai Afrilun 2021. Hajjin 2020 da na 2021 mazauna Saudiyya kaɗai suka yi, na biyun mutum 60,000. Da aka buɗe Umara a Agustan 2021 muka ce wuya ta wuce, sai ga Omicron, sabon nau'in korona, a Disamba, aka tsayar da jiragen Najeriya. Mai shago ya sha kulle ya koma kasuwa. Mu 'yan jirgin yawo hajarmu tafiya ce, ita kuwa tafiya aka hana. Rabin ma'aikatanmu muka sallama, direbanmu ya koma tuƙa adaidaita sahu, jakunkunan da aka ɗinka muku suna nan jibge a ɗakin baya cikin ledarsu.

Kuɗinku bai salwanta ba, amma ya rabu. Wani kaso yana banki, ba mu taɓa shi ba ko lokacin da kuɗin haya ya sha kanmu. Wani yana wurin masu masauki da kamfanonin jirgi, waɗanda suka ƙi mayar da tsaba, suka ce sai dai a ci shi a tafiya ta gaba. Abin da ya fi ciwo shi ne, kuɗin da ke banki naira ce. Sa'ad da kuka biya, dala tana wajen 360 a kasuwar canji ta Wapa a Kano, a Afrilun 2022 kuwa ta haura 550. Saudiyya kuma ta ɗaga harajin kaya da hidima daga kashi 5 zuwa 15 tun Yulin 2020. Don haka babu ɓoye-ɓoye, duk mai tafiya sai ya yi ciko.

Sai maganar shekaru, wadda ta fi ta kuɗi nauyi a bakinmu. Sharaɗin Hajjin 2022, maniyyaci ya kasance ƙasa da 65. Akwai wata baiwar Allah da ta sayar da shanunta biyu ta biya. Duk wata sai ta shigo mota daga ƙauye, ta zauna a bencin ƙofa, ta kwance bakin zane ta fito da rasit ta ce, “Ɗana, an buɗe?” A cikin jiran nan shekarun suka cim mata. Hajiya, ke da ire-irenki, ku yi mana haƙuri. Ba mu muka gindaya ba, kuma ba za mu taɓa ranar haihuwar kowa a takarda ba, don Allah kada a roƙe mu.

Kujerun Najeriya a Hajjin 2022 guda 43,008 ne maimakon 95,000 da aka saba, ku auna abin da zai iso hannun ƙaramin kamfani irin namu daga NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa. Za mu bi jerin biya: wanda ya riga biya shi ne a gaba, ba sanayya. Wanda bai samu ba, ko sharaɗi ya hana shi, yana da zaɓi: ya bar kuɗinsa zuwa baɗi, ya mayar da kujerar ga ɗansa ko ƙaninsa, ko ya karɓi abinsa. Mai karɓa za mu ba shi na banki nan take, ragowar kuma da zarar ta fito.

In za ku zo ofis, ku riƙo rasit da katin riga-kafin korona. A kuma duba fasfo tun a gida, da yawa sun mutu a durowa ba a sani ba, kuma sai da sauran wata shida a jikinsa ake buga biza. Muna nan daga ƙarfe tara zuwa la'asar har ƙarshen azumi.

Naku,
Manaja, a madadin sauran ma'aikata