Ina Tallafin Tsofaffin Ma'aikatan Masaƙa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 11 na yi ina rini a wata masaƙa, har atamfar waje ta cika kasuwa, aka sallame mu. Yau kurar ruwa nake turawa a Ƙofar Ƙaura, ga 'ya'ya shida.

Ɗana ya karanta mini cewa tun 1962 Amurka ta yi doka: ma'aikatan da kayan waje suka raba da aikinsu su kai koke, in an tabbatar, gwamnati ta koya musu sabuwar sana'a, ta ba su alawus. A 2022 aka daina karɓar sabon koke, amma sun daɗe suna amfana.

Mu ko jaje ba a yi mana ba. 'Yan majalisarmu, don Allah ku kai maganar nan Abuja. Takardar sallamata tana nan cikin akwati.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Katsina