Zuwa ga 'yata, a kan maganar kunnen yaron nan

Assalamu alaikum 'yata,

Ya gida, ya maigidanki, ya kuma maigidan nawa da hakin nan nasa na dare? Rubutowa na yi don in waya ce "to Mama, to Mama" kawai za ki yi ta ce min har in gaji in kashe, kuma wannan to ɗin naki na san ta tun kina ƙarama, ba ta kai ko'ina.

Ƙanwarki ce bakinta ya suɓuce ta ce har yanzu ba ku koma gwajin ji ba, takardar na nan cikin fayil tun watannin baya. Kar ki kira ta da faɗa, ni na tsare ta da tambaya.

Ba ina haɗa shi da yaran mutane ba ne, kar ma ki fara. Yaron da ya zo a sati 27 ya baro sati 13 a ciki, kusan wata 3 kenan, kuma likitoci cire su suke daga lissafi har ya kai shekara 2. To wata 13 ɗin da kuke ƙirga masa, a wajen girma ɗan wata 10 ne, duk wanda ya ce miki me ya sa bai fara tafiya ba ki share shi. Amma ko da wannan rangwamen, ɗan wata 10 ya kamata a ce ana jin gwarancinsa, bababa, dadada, yana yi yana maimaitawa, yawancin yara tsakanin wata 6 zuwa 9 suke farawa. Bidiyon da kika turo na kalle shi har ƙanwarki ta ce zan ƙarar mata da caji. Ga shi nan tubarkalla, robar oksijin manne a kumatu da filasta, yana dariya yana buɗe baki, sai dai sautin da ke fita "aah" ne ɗan gajere sai ya tsaya ya ja numfashi. Wannan bai firgita ni sosai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne babansa ya kira shi daga baya har da tafi, yaron bai ko motsa ba, sai da ya zagayo gabansa sannan fuskarsa ta washe.

Gajeren sautin na gane dalilinsa. Ciwon huhun bakwaini da suke kira BPD, wanda likita Northway ya fara bayyanawa a Amurka a 1967, huhu ne da bai gama ginuwa ba aka tilasta masa aiki da injin numfashi da oksijin, ƙananan jakunkunan iskar suka zo 'yan kaɗan. Magana kuwa da iskar da ake fitarwa ake yin ta, wanda ake bi bashin numfashi ina ya ga rarar da zai yi wasa da ita? Ƙarfin da wani yaro zai sa a girma shi a numfashi yake ƙonawa. Ga bakin da ya fara sanin duniya da tiyo da zuƙe majina, shi ya sa yake kawar da kai in ya ga cokali, kuma leɓe da harshen da ake ci da su da su ake magana. Tiyon maƙogwaro ma kan taɓa igiyar murya. Duk wannan ana aiki a kansa a hankali, yana kuma sauƙi.

Kunne ne ba ya jira. Yaron nan ya yi watanni a kwalba, ya hau inji, an yi masa allurar jentamisin mai kashe ƙwayoyin cuta, an ba shi Lasix don rage ruwa a huhu, kowanne a cikinsu sananne ne yana iya taɓa ji, shi kuma duk ya haɗa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, in da matsala a fara taimako kafin wata 6, kuma irinsa da ya wuce kwana 5 a ɗakin kulawa ta musamman ko da gwajin farko ya nuna lafiya yake ana so a sake kafin wata 9, don akwai rashin jin da sai daga baya yake bayyana. Ku kun wuce duka. Ƙwaƙwalwar yaro a shekarun nan na farko take koyon rarrabe sauti, abin da bai shiga ba yanzu shigar da shi daga baya wahala ne, ana iya yi amma da jiɓin goshi. Kin san labarin ɗan gwaggonki, ba sai na tona ba, kin kuma san shekararsa nawa kafin kowa ya yarda a kai shi.

Kuma dan Allah ki daina maimaita min maganar nan ta "nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara 3." Babansa a kwalba ya kwanta? Haba 'yata, ke da karatunki. Na san kuna cewa aikin jinya ya sa min tsoro, komai na gani sai in ce ciwo ne, to ku faɗa, ni dai na riƙe irin yaran nan a tafin hannuna tun ba a haife ki ba, na ga iyayen da suka dawo da ɗan shekara 4 ba kalma ko ɗaya suna cewa ai mun ɗauka miskili ne. In kunya ce ta kar a gan shi da na'urar ji a kunne, ko tsoron abin da dangin mijinki za su ce, ki faɗa min gaskiya mu san da wa za mu yi magana.

Na san kin gaji. Ke ce mai tashi tsakar dare duba ko robar ta zame, ke ce mai kallon lambobin na'urar nan ta yatsa har ido ya yi ja, kuma na san ƙofar asibiti kawai in kin hango gabanki faɗuwa yake. Gwajin nan ba allura ba zafi, yana barci ma ake yi, 'yan wayoyi ne ake manna masa a kai. Wataƙila ma ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne saboda yawan mura, ko kuma lafiya ƙalau yake ku dawo ku yi min dariya, na yarda. Huhunsa kuma yana kan gina sabbin jakunkuna, da yawansu suna rabuwa da oksijin su kamo sa'anninsu.

Kafin nan ki riƙa ɗora shi a cinya fuska da fuska, ki yi magana ki ɗan yi shiru ki ba shi fili, shi amsarsa tana jinkiri don sai ya tara iska, kar ki cike masa gurbin. Duk sautin da ya yi ki mayar masa. Katun ɗin waya ki ajiye, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba na allo ba ne. Hayaƙi kowane iri kar ya matso shi, mai mura ya gaishe shi daga nesa ko da ni ce, ƙwayar RSV da ke zuwa kamar mura ita ke mayar da irinsu gadon asibiti. In kun je ki tambayi mai koyar da magana da cin abinci, da gwajin girman ƙwaƙwalwa da ake musu wajen wata 18 zuwa 24.

Ki kira su gobe da safe ki turo min ranar da suka ba ku. In babansa ba zai samu fita daga aiki ba ni zan zo in raka ki, ki riƙe shi in riƙe silindar. Ki gaishe min da maigidanki, ki ce da shi ma nake.

Mamanki